Dabarun Ɗaga Kaya Masu Nauyi

Ƙarfin mutum yana da iyaka. Ƙato mai lafiya ya iya saɓa buhun siminti mai nauyin kilo 50 ya tafi da shi, in ya matsa ma ya ɗauki biyu. Amma in aka ce ya kau da dutse mai kilo 300, ko ya ɗora gangar mai a kan mota shi kaɗai, sai ya tsaya yana kallo. Wanda ya ƙi tsayawa kuwa, ya ce shi namiji ne, sau da yawa yakan ƙare a kan tabarma da ciwon baya ko ƙaba, iyalinsa su rasa mai nema musu abinci. Ga shi kuwa akwai dabarun da za su sa mutum guda ya yi aikin mutum biyar, bai ji ciwo ba.

Dabarun nan ba sababbi ba ne. Wani masani mai suna Hiron, wanda ya zauna a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar a cikin ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafi a kansu, ya ƙidaya guda 5: sanda mai madogara, da gungume mai hannu, da gargaren igiya, da tsinin tsaga, da kusa mai murɗi. Littafin nasa na harshen Yunananci ya ɓace, sai 'yan guntaye. Abin da ya tsirar da shi fassara ce ta Larabci, wadda Kusta ɗan Luka ya yi a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Daga baya masana suka ƙara gangara, suka zama 6. In ka kwance babbar na'ura ka duba, ko keken ɗinki ne ko injin mota, waɗannan za ka tarar an harhaɗa.

Kafin mu bi su ɗaya ɗaya, ga wata kalma da za mu riƙa amfani da ita, watau ribar ƙarfi. In ka sa ƙarfin kilo 10, dabara ta ɗaga maka kilo 50, ribar ƙarfinka 5 ke nan, gama 50 ya ninka 10 sau 5.

1. Sanda Mai Madogara

Nemi dagi ko sandan ƙarfe mai tsawon ƙafa 6. Cusa bakinsa a ƙarƙashin dutsen da kake son ɗagawa, sa'an nan ka sa wani ƙaramin dutse mai tauri a ƙarƙashin sandan, ƙafa 1 daga bakin. Wannan ƙaramin dutse shi ne madogara. Yanzu sandan ya kasu biyu: gefen kaya ƙafa 1, gefen hannunka ƙafa 5. Danna ƙarshen sandan, sai ka ga dutsen ya motsa.

Ga lissafinsa. A ɗauki nauyin kowane gefe a ninka shi da nisansa daga madogara. In biyun suka zo daidai, sanda ya tsaya daram. In nauyin da ke kan bakin sandan kilo 300 ne, 300 sau 1 ya zama 300. A gefenka kuwa 60 sau 5 shi ma 300 ne. Ashe ƙarfin kilo 60 ya tare kilo 300, in ka ɗara kaɗan dutse ya tashi. Mutum mai matsakaicin jiki in ya ɗora nauyinsa a kan sandan ya isa.

Amma duba hannunka sa'ad da kake dannawa. Kafin dutsen ya tashi inci 1, hannunka ya sauka inci 5. Nan asirin yake, kuma shi ne asirin dukan dabarun da ke cikin wannan littafi: abin da ka samu na sauƙi, ka biya shi da nisa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ya fara tabbatar da wannan lissafi a rubuce shi ne Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisiliya. An haife shi wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a 212, a hannun wani sojan Rum, lokacin da Rumawa suka ci birnin. An ce ya taɓa gaya wa sarkinsu cewa da zai sami wani wuri dabam da zai tsaya, da ya motsa duniyar nan. Ba fariya yake yi ba, ka'idar yake nufi: babu nauyin da ya fi ƙarfin sanda, muddin gefen hannu ya yi tsawon da ake bukata.

Wannan dabara tana cikin kayan aikin da kake taɓawa kullum. Awartakin maƙeri sanda biyu ne da aka haɗa da kusa, kusar ce madogara. Hannuwansa dogaye, bakinsa gajere, shi ya sa yake damƙar ƙarfe da ƙarfin da yatsu ba su da shi. Almakashi ma haka, don haka in abu ya yi tauri sai a tura shi can ƙuryar bakin, kusa da kusar.

Baro kuwa madogararsa tana can gaba, wurin ƙafarsa. In ka ɗora buhun siminti 2, watau kilo 100, tsakiyar nauyinsu tana ƙafa 1 daga ƙafar baron, hannuwa kuma suna ƙafa 4 daga nan, kilo 25 kaɗai za ka ɗaga, ban da nauyin baron kansa. In ka ja buhunan baya suka koma ƙafa 2, abin da za ka ɗaga ya zama kilo 50. Kaya ɗaya, baro ɗaya, amma wahala ta ninka. Saboda haka a riƙa tura kaya gaba, kusa da ƙafar baro.

Masu lambu sun san jigo, wanda ake jan ruwa da shi. Dogon itace ne a kan madogara, guga a dogon gefe, curin laka ko dutse a gajeren gefe. Mai ban ruwa yana jawo gugan wofi ƙasa, nauyin jikinsa yana taimakonsa, in guga ya cika sai curin lakar ya taya shi ɗagowa. Jigo bai rage yawan aikin ba, ya raba shi ne biyu, ya mai da mafi yawansa ja zuwa ƙasa, wanda ya fi sauƙi ga baya. Akwai zanen irin wannan jigo a kaburburan Masar da suka wuce shekara 3,000.

Akwai kuma sandan da ake yin hasarar ƙarfi da shi don a sami sauri. Hannunka ne misali. Gwiwar hannu ita ce madogara, jijiyar damtse tana kama ƙashi kamar inci 2 daga gwiwar, tafin hannu kuwa yana kamar inci 14. In ka riƙe kilo 5 a tafinka, damtse yana ja da ƙarfin wajen kilo 35. Ladan wannan hasara shi ne, damtse ya ɗan motsa kaɗan, tafin hannu ya yi tafiya mai nisa da sauri, shi ya sa muke iya jifa da sara. Bayan mutum ma haka yake. In ka sunkuya ka ɗauki kaya nesa da jikinka, naman ƙugu yana ɗaukar ninkin nauyin sau da yawa. Ka durƙusa, ka jawo kayan jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinyoyi.

2. Ma'auni Da Masu Ha'inci

Ma'auni mai faranti biyu shi ma sanda ne mai madogara a tsakiya. Gaskiyarsa duk tana ga abu guda: hannuwansa biyu su zama tsawo ɗaya. In wani ya yi ma'aunin da hannu ɗaya inci 20 ne, ɗayan inci 21, ya ƙara ɗan nauyi a gajeren gefen don ya tsaya daidai sa'ad da ba kome a kai, ido ba zai gane ba. To, a ce ka kai gyaɗa, mai saye ya zuba ta a farantin gajeren hannu, ya sa duwatsun awo a na dogon. Gyaɗarka kilo 21 sau 20 ya zama 420; dutsensa kilo 20 sau 21 shi ma 420. Ma'auni ya tsaya daidai, an biya ka kuɗin kilo 20, alhali kilo 21 ka kawo. A cikin kowane buhu 21 an ci maka guda.

Maganin abin mai sauƙi ne. Bayan an auna, ka ce a musanya: kaya su koma farantin duwatsu, duwatsu su koma farantin kaya. Ma'aunin gaskiya zai sake tsayawa daidai. Na ha'inci kuwa sai ya rinjaya gefe guda nan take.

3. Gangara, Da Tsini, Da Murɗi

Gangar mai cikakkiya takan kai wajen kilo 180. A ce bayan mota ƙafa 4 ne daga ƙasa. In aka jingina katako mai ƙarfi mai tsawon ƙafa 12, aka mirgina gangar a kai, tafiyar ta ninka sau 3, ƙarfin da ake bukata kuwa ya ragu sau 3, ya koma kamar kilo 60. Mutum biyu sun isa. In katakon ƙafa 8 ne, ƙarfin ya koma kilo 90. Gwargwadon tsawon katako, gwargwadon sauƙi. Dalilin ke nan da ya sa hanyar da ta hau dutse takan yi ta karkacewa, tana zuwa dama tana komowa hagun. Sannu ba ta hana zuwa.

Babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, wadda aka gina wa Fir'auna Kufu wajen shekara 4,500 da suka wuce, tana da duwatsu fiye da miliyan 2, tsayinta na asali kuwa wajen ƙafa 480. Magina ba su da injin ko ɗaya. A kan katakan ja suke ɗora duwatsun, su ja su bisa gangarar da suka gina. A shekarar 2018 masu tonon tarihi suka gano ragowar irin wannan gangara a mahaƙar dutse ta Hatnub, da matakala a gefunanta biyu da ramukan kafa gumagumai. A wani kabari kuma akwai zanen mutane suna jan wani babban gunki, mutum guda yana tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masana a jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan suka gwada, suka ga rairayin da aka jiƙa daidai gwargwado yana rage ƙarfin ja da wajen rabi.

Tsinin tsaga gangara ce da ake korawa cikin abu. Bakin gatari, da gizago, da wuƙa, da kurfi, duk irinsa ne. Mai faskare yana bugawa ƙasa, tsinin yana ture itacen gefe da gefe. In tsinin ya shiga inci 6 ya buɗa itace inci 1, ribar ƙarfi 6 ce. Wasa wuƙa ba kome ba ne illa ƙara siranta wannan tsini.

Murɗin kusa kuwa gangara ce da aka naɗe a jikin sanda. Yanka takarda mai kusurwa uku, doguwa mai tsini, ka naɗa ta a jikin fensir, za ka ga gefenta ya fito kamar zaren noti. A nan ne ake samun riba mafi girma. Ɗauki jak ɗin mota irin mai murɗi, wanda juyi ɗaya yake ɗaga shi rubu'in inci, hannunsa kuma ƙafa 1. A kowane juyi hannunka yana zaga wajen inci 75, mota tana tashi rubu'in inci. Ribar ƙarfi a lissafi 300 ke nan. Shi ya sa yaro ma ya iya ɗaga gefen mota, sai dai zai yi ta juyi har ya gaji.

4. Gargaren Igiya

Wannan ɗan faifai ne na ƙarfe ko na itace, mai kwari a bakinsa inda igiya take bi. In aka rataye guda ɗaya a bisa rijiya ko a kan gini, bai rage nauyi ko kaɗan ba. Amfaninsa shi ne ya juya maka ja: maimakon ka ja sama kana sunkuye, sai ka ja ƙasa kana tsaye.

Riba tana farawa ne in an ɗaura wani gargaren a jikin kayan, yana tashi tare da su. A ɗaure bakin igiya a sama, ta sauko ta zaga gargaren kayan, ta koma sama. Yanzu igiya biyu ke riƙe da kayan, kowace ta ɗauki rabi. In an ƙara gargare sama da ƙasa har igiyoyin da ke riƙe da kayan suka zama 4, kaya mai kilo 200 sai ya zo hannunka kamar kilo 50. Ba sai ka yi dogon lissafi ba, ƙidaya igiyoyin da suka sauko ga kayan, adadinsu shi ne ribarka. Biyan kuwa yana nan: kafin kaya su tashi ƙafa 1, sai ka jawo igiya ƙafa 4.

Wani marubuci mai suna Fulutak, wanda ya zo wajen shekara 300 bayan Arkimidis, ya ba da labari cewa Sarki Hiro na Sirakus ya nemi Arkimidis ya nuna masa abin da yake faɗi. Aka sami wani babban jirgin ruwa da aka fitar kan tudu da ƙyar, aka cika shi da kaya da mutane. Arkimidis ya zauna can nesa, yana jan bakin igiyar da ta bi ta gargare masu yawa, jirgin ya taho gare shi sumul.

Ga gargaɗi ga magina da masu haƙar rijiya. Itacen da aka rataye gargare a kansa yana ɗauke da kaya, yana kuma ɗauke da janka. In kana ɗaga kilo 50 da gargare guda, itacen nan kilo 100 ke kansa. Da yawa sukan auna ƙarfin itacen da nauyin kayan kaɗai, sai ya karye, kaya su faɗa wa na ƙasa. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kayan da ke rataye.

5. Gungume Mai Hannu

A wasu rijiyoyi akan gicciya gungume a bisa baki, igiya tana naɗuwa a jikinsa, da hannu a gefe ana juyawa. In kaurin gungumen inci 6 ne, daga tsakiyarsa zuwa igiya inci 3 ke nan. In hannun inci 15 ne, riba 5 ce: guga mai kilo 40 zai zo da ƙarfin kilo 8. Ka lura, wannan sanda mai madogara ne, sai dai shi yana zagayawa ba ya tsayawa. Sitiyarin babbar mota ya fi na ƙarama faɗi saboda wannan dalili, sifana mai dogon hannu kuma ta fi gajera kwance notin da ya cije.

Keke yana yin amfani da dabarar a juye. In faifan gaba yana da haƙora 48, na baya 16, taka feda sau ɗaya yana juya ƙafar baya sau 3. Ka sayi sauri, ka biya da ƙarfi, don haka hawan tudu yake da wuya a kan keke. Direban babbar mota kuwa in ya zo hawa sai ya koma giya ta ɗaya, injin yana juyi da yawa, ƙafafu suna juyi kaɗan. Ya sayar da sauri, ya sayi ƙarfi.

6. Abin Da Na'ura Ba Ta Iyawa

Masana suna auna aiki da ninka nauyi da nisan da ya tashi. Ɗaga kilo 300 inci 1 daidai yake da danna kilo 60 inci 5. Galiliyo, mutumin Italiya, ya bayyana wannan wajen shekarar 1600, ya ce masu sana'ar da suke zaton za su yaudari halitta da na'ura, su sami aiki mai yawa da ɗan kaɗan, sun ɓata. Na'ura tana canja kamannin aiki ne, ba ta haifar da shi.

Har ma takan ci wani abu a ciki. Duk inda abu biyu suke gogayya, wani kashi na ƙarfinka yana zama zafi ya tafi. Taɓa igiyar da aka daɗe ana ja bisa itace, za ka ji ta da ɗumi. Saboda haka ribar da za ka samu a aikace kullum ba ta kai ta lissafi ba, mai da giris kuwa suna rage hasarar. A jak mai murɗi gogayya takan cinye fiye da rabin ƙarfinka. Amma ita ce kuma take hana murɗin warwarewa in ka saki hannu. Duk da haka jak yana iya zamewa ko ya nutse a ƙasa mai taushi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa weji a ƙafafu, a tokare motar da gungume mai ƙarfi tukuna.

Mutane da yawa sun ƙare dukiyarsu wajen neman na'urar da za ta yi ta juyi da kanta har abada, ba mai, ba iska, ba ruwa, ba hannu. A shekarar 1775 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta yanke cewa ba za ta ƙara duba irin waɗannan ba, har yau kuwa ba wanda ya ƙera ko guda da ta yi aiki. In wani ya zo maka da irin wannan yana neman ka sa kuɗi, tambaye shi daga ina ƙarfin yake shigowa. In ya ce ba ya shigowa daga ko'ina, riƙe kuɗinka.

To, mai karatu, kada ka bar wannan a takarda. Sami sanda madaidaici da dutsen madogara, ka sa bulo ɗaya a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, ka riƙa matsar da madogarar har su tsaya daidai, sa'an nan ka auna nisan kowane gefe. Za ka tarar gefen bulo ɗaya ya ninka na biyun tsawo, ko ya yi kusa da haka, gama sandan ma yana da nasa nauyi. Daga nan duk kayan da ya gagare ka, yi wa kanka tambaya uku kafin ka sunkuya: nawa ne nauyinsa, ina zan sa madogara ko gangara, kuma in abin ya kuɓuce, ina zai faɗi?